ARAHA BA TA ADO: Tufafinmu Daga Kantamanto Zuwa Daboya

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya shiga kasuwar Kantamanto da ke tsakiyar birnin Akra ranar Laraba ko Asabar, ya san yadda ake yanka dila. Tun gari bai gama wayewa ba za ka tarar da mai kaya tsaye a kan dilarta, masu sari sun kewaye ta, kowa ya zuba ido. Ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba, domin a ɗaure ta saye ta daga hannun wanda ya shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma sau da yawa da kuɗin bashi ta saya. Da zarar an yanke ɗaurin, tufafi sun baje, sai a shiga tsince. Masu kyau a ware su gefe guda, masu dama-dama gefe guda, na baya kuma gefe guda. Abin da ya rage, watau yagagge da mai tabo da wanda ya koɗe, a ƙasa yake kwana. Idan masu kyau suka yi yawa, ranar akwai dariya a gidanta. Idan kuwa shara ce ta rinjaya, to sai haƙuri, ga bashi ga bakin yara.

Kusan dukkanmu mazauna zango, daga Nima zuwa Sabon Zango, daga Kumasi zuwa Tamale, muna da rigar da ta fito daga irin wannan dila, kuma ba abin kunya ba ne. 'Yan'uwanmu na Nijeriya suna kiran waɗannan kaya gwanjo. Mutanen Akan kuwa suka sa musu suna "obroni wawu", watau Bature ya mutu, domin da farko an ɗauka babu mai rabuwa da tufa mai kyau haka sai wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ashe masu kayan suna nan da ransu, sun dai sayi sababbi ne suka tura mana na jiya.

A wannan wata mun ga ya dace mu bi sawun rigar da muke sawa, mu ga inda ta fito da inda take ƙarewa, sa'an nan mu tambayi kanmu: idan riga ta zo mana da araha, wane ne ya biya ragowar kuɗinta?

Lissafin Kantamanto

Wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki a kasuwar, The Or Foundation, ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ne ke shigowa Kantamanto a kowane mako, galibi daga Ingila, Amurka, Kanada da Sin, kuma mutane wajen 30,000 ne ke cin abinci a wurin. Bisa ga binciken ƙungiyar, kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikin dila yana fita daga kasuwar a matsayin shara. Ƙungiyar masu shigo da kayan gwanjo ta Gana ba ta yarda da wannan adadi ba, ta ce sharar ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba. Mu dai ba alƙalai ba ne a wannan gardama. Amma wanda ya bi ta bakin tafkin Korle, ko ya leƙa gaɓar teku a Jamestown, ya ga tsummokara sun nannaɗe kamar igiya cikin yashi suna shiga komar masunta, ba ya bukatar ƙididdiga kafin ya san akwai matsala.

Dole kuma mu faɗi alherin kasuwar. A lungunanta akwai teloli da masu rini da masu guga da masu wanki, waɗanda aikinsu ke nan daga safe zuwa magariba: su rage wando, su sake wuyan riga, su mayar da babbar riga ta zama ta yara biyu, su tsoma wadda ta koɗe a rini ta dawo kamar sabuwa. Miliyoyin tufafi da Turai ta yar suna sake samun rai a hannunsu. Abin da manyan kamfanoni ke shirya taro a otal-otal suna magana a kai, watau sake amfani da kaya maimakon zubarwa, su waɗannan bayin Allah sun shekara da shekaru suna yi ba tare da wani ya ba su lambar yabo ba.

A daren 1 ga Janairu, wayewar 2 ga Janairun 2025, gobara ta cinye fiye da rabin kasuwar. Dubban 'yan kasuwa suka wayi gari babu rumfa, babu keke, babu dila, bashin kuma yana nan. Suka sake kafa rumfunansu, kwantenoni kuma ba su daina sauka a Tema ba.

Wa ke biyan arahar?

Asalin abin yana can nesa da mu. Kamfanonin tufafi na duniya sun koma fitar da sabon yayi kusan kowane mako, da yadi marar ƙarko da ɗinki na gaggawa, domin mai saye ya sa sau kaɗan ya yar ya dawo. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake yi a duniya ya ninka tsakanin shekarar 2000 da 2015, kuma ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne ake sarrafa zarensu a sake yin sabuwar tufa. Fiye da rabin zaren da duniya ke yi a yau na roba ne da ake samu daga man fetur, wanda ba ya ruɓewa kamar auduga. Shi ya sa tsofaffin 'yan gwanjo ke cewa dilar yanzu ba ta kama ƙafar ta da ba.

Mai biya na farko ita ce mai ɗinki. Ranar 24 ga Afrilun 2013 wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta a ƙasar Bangladash, mutum 1,134 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka riguna. Tun jajibirin ranar an ga bango ya tsage, amma aka ce su koma bakin aiki.

Mai biya ta biyu 'yarmu ce. Dila guda tana kai kilo 55, lungunan Kantamanto kuwa mota ba ta shiga, don haka a ka ake ɗauka. Masu wannan dako su ne ake kira kayayei, sunan da aka haɗa daga kalmarmu ta "kaya" da kalmar Ga mai nufin mata. Yawancinsu 'yan mata ne daga Arewa, wasu ba su kai shekara 18 ba, wasu da goyo a baya. Nauyin da ya kusa kai na jikinsu ko ya fi, shi suke ɗorawa a wuya sau da yawa a yini a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ciwon wuya da na gadon baya kuma su bi su har gida.

Mai biya na uku garin ne kansa. Jujin Kpone da aka buɗe a 2013 da taimakon Bankin Duniya ya cika tun kafin lokacin da aka ɗiba masa, ya kuma kama da wuta a watan Agustan 2019. Sharar tufafi da ba ta sami wurin zuwa ba tana toshe magudanan ruwa, tana bin kogin Odaw zuwa teku, ko a tara ta a gefen Old Fadama a cinna mata wuta, talakawan unguwa su shaƙi hayaƙin. Da damina ta zo kwata ta cika ta shigo ɗaki, mun san unguwannin da ke fara kuka.

Yadda masaƙunmu suka durƙushe

Dattawanmu suna tuna lokacin da atamfar da ake kai wa amarya a nan aka yi ta. An kafa GTP a Tema a 1966, aka kafa masaƙar Akosombo a 1967, ta Juapong kuma ta biyo baya. A 1977 masana'antar yadi ta Gana tana da ma'aikata wajen 25,000. Zuwa shekarar 2000 sun koma 5,000, a 2005 kuwa ba su cika 3,000 ba. Haka abin ya faru a Kaduna, inda aka buɗe babbar masaƙa tun 1957, daga baya injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Ba gwanjo kaɗai ya jawo wannan ba. Akwai tsadar wutar lantarki, tsufan injuna, ƙarancin auduga, da buɗe kan iyaka da aka yi wa kayan waje a shekarun 1980. Wanda ya fi ciwo shi ne atamfar jabu. Masaƙa ta biya mai zane ya zauna ya ƙirƙiro sabon fure, kafin wata uku wani ya kwafe shi a ƙasar waje har da tambarin kamfanin, ya shigo da shi ta fasa-ƙwauri, ya sayar a kan rabin kuɗi. A 2004 gwamnatin Shugaba Kufuor ta ƙaddamar da shirin sa tufafin gida ranar Juma'a. Jama'a sun karɓa, teloli sun samu aiki, amma sau da yawa yadin da aka ɗinka ba na gida ba ne. Mun yi ado irin na gida, kuɗin kuma ya hau jirgi.

Daboya ba ta daina saƙa ba

Mu bar Akra mu nufi Arewa. A ƙasar Gwanja, a bakin kogin Farin Bolta, akwai garin Daboya, wanda tun da aka san shi da gishiri da saƙa. Can ake yin ɗaya daga cikin fitattun yadin batakari, wanda wasu ke kira fugu, irin rigar da Dakta Kwame Nkrumah da abokan gwagwarmayarsa suka sa a daren 6 ga Maris 1957 da suka yi shelar 'yancin kai.

Aikin hannu da yawa ne. Bisa ga al'ada mata ke gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Marina su daka ganyen shuni, su dunƙula su shanya, sa'an nan su jiƙa shi a rami da ruwan toka ya yi kwanaki har ya nuna. A tsoma zare a fito da shi kore-kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi, a sake tsomawa har launin ya kai yadda ake so. Masaƙi ya zauna a inuwa yana jefa ƙoshiya, yana fitar da sawaye masu faɗin inci 4 ko kusa da haka. Tela ya harhaɗa sawayen, mai aikin wuya ya yi nasa. Kafin riga ɗaya ta hau jikin mai ita, gidaje biyar ko shida sun ɗora tukunya da ita.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga neman goro, da tufafin Kano suke zuwa a kan jakuna, rinannu, bugaggu. Baturen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta yadda yadin garin ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan har gobe, ko da yake ramuka da yawa sun daina aiki. A can ko katsin da ya kwanta a gindin rami ba a zubarwa, ƙona shi ake yi a sake amfani da shi. Rigar auduga da aka rina da shuni kuwa, idan ta tsufa a yi wa yaro da ita, idan ta ƙare ta zama tsumma, idan tsumman ya ƙare ƙasa ta cinye shi.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Yau yawancin masaƙan Arewa zaren kanti suke saye, wanda aka shigo da shi daga waje, domin masu kaɗi sun tsufa kuma noman auduga ya ja baya. Samari da yawa sun gwammace acaba ko tafiya kudu a kan zaman masaƙa. Har an fara buga zanen batakari da na kente da inji a kan yadin roba, ana sayarwa a kan kuɗin da ko zaren na gaskiya ba zai saya ba. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin alfahari ne, amma takardar yabo ba ta saya wa masaƙi zare.

Darasi daga maƙwabta

Burkina Faso tana cikin manyan masu noman auduga a Afirka, amma mafi yawanta ɗanya ake fitar da ita, wasu su kaɗa su saƙa su dawo mana da ita da tsada. Wannan ne ya sa Kyaftin Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya matsa wa ma'aikatan gwamnati su riƙa sa saƙar gida mai suna Faso Dan Fani. Bayan kashe shi abin ya yi sanyi, daga baya ya farfaɗo, har a 2023 gwamnati ta yanke shawarar a riƙa yi wa 'yan makaranta kayan makaranta da shi. Abin lura a nan shi ne, masaƙi ba ya bukatar sadaka. Mai saye yake bukata, wanda zai dawo gobe da jibi.

A kan wannan tunani ne aka kafa shirin Ethical Fashion Initiative a 2009, a ƙarƙashin Cibiyar Ciniki ta Duniya da ke Janeba. Shirin yana haɗa mata masu saƙa da rini a ƙasashe kamar Burkina Faso da Mali da manyan gidajen ɗinki na Turai, bisa sharaɗin a biya su lada mai kyau kuma a san yanayin da suke aiki a ciki. A nan gida akwai Global Mamas, wadda ta fara a Cape Coast a 2003, tana tallata aikin mata masu batik da ɗinki a ƙasashen waje. Irin waɗannan shirye-shirye sun nuna cewa aikin hannunmu yana da daraja a ko'ina. Amma kayansu suna da tsada, masu sayensu ba su da yawa, kuma ranar da yayi ya juya a Turai oda na iya tsayawa. Kasuwar da ba ta gudu ita ce ta gida: Sallah, biki, suna, naɗin sarauta.

A hana gwanjo ke nan?

Wasu suna ganin maganin shi ne a rufe ƙofa. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka shirya daina shigo da gwanjo. Amurka ta yi barazana, sauran suka janye, Ruwanda ta tsaya, ta ɗaga harajin kilo guda daga santi 20 zuwa dala 2.50. A 2018 Amurka ta dakatar da damar da tufafin Ruwanda ke da ita ta shiga kasuwarta ba haraji. Daga nan muka gane cewa kayan da ake kira kyauta a can, ciniki ne mai masu tsaronsa.

A ganinmu hanawa dare ɗaya za ta fi cutar da talaka. Mai 'ya'ya bakwai ba zai yi musu batakari duka ba, mutum 30,000 na Kantamanto kuma ba su da wata gonar. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a tace dila tun daga can, a daina cusa mana shara da sunan taimako, kuma kamfanin da ya yi riga ya ɗauki nauyin ƙarshenta. Faransa ta daɗe tana karɓar ɗan kuɗi a kan kowace tufa da aka sayar domin wannan aiki, kuma a 2025 Tarayyar Turai ta amince da dokar da za ta wajabta haka a dukkan ƙasashenta. 'Yan kasuwar Kantamanto suna neman kuɗin ya bi rigar zuwa inda ta ƙare, ba ya tsaya a inda aka tattara ta ba. Muna ganin gaskiyarsu, kuma ya kamata wakilanmu a majalisa su ɗauki maganar.

Mu duba namu gidan

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun yi maganar kamfanonin Turai, to mu fa?

Mai rinin da ke zubar da ruwan soda da rinin kanti a kwatar unguwa, inda yara ke wasa kaji ke sha, shi ma yana cikin lissafi. Haka maigidan da ke riƙe da yaran shago shekara huɗu ko biyar, suna kwana a kan keke duk watan azumi, ba lada sai kuɗin koko. Haka mu masu saye, da za mu biya kuɗin leshi a kanti ba musu, amma idan masaƙi ya kawo aikin mako biyu mu taya shi kamar muna sayen tumatirin yamma. Ga kuma ankon biki, wanda ake sa mace ta ci bashi ta yi, ta sa sau ɗaya ta jefa a akwati.

Ba mu ce kowa ya ƙona gwanjonsa ba. Muna dai ba da shawara. Mai hali ya sa saƙar gida cikin kayan Sallarsa ko da guda ɗaya ce, ya kuma tambayi inda aka saƙa ta. Iyayen biki su gwada fitar da anko daga masaƙar gida, su rage yawansa. Kafin a yar da riga a kai wa tela ya duba. Makarantunmu na Islamiyya da ƙungiyoyin matasa, idan za su yi kayan bai ɗaya, su fara tambayar yadin da aka yi a nan. Sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin teloli su zauna su tsayar da ƙa'ida a kan shekarun koyo da abin da za a riƙa ba yaro, su kuma nemi a haƙa wa masu rini ramin zubar da ruwa nesa da gidaje. Wanda kuma ya ɗora wa yarinya dila a ka, ya tuna 'yar wani ce, ya raba kayan biyu, ya biya ta da kyau.

A gidaje da yawa na zango akwai tsohuwar rigar saƙi a ƙasan adaka, wadda kaka ya sa, uba ya sa, yanzu jika ke jiran ya yi tsawo. Kuɗinta ya yi yawa ranar da aka saye ta, amma a raba shi a kan shekara 40 a gani, wace ce mai arahar tsakaninta da wadda ta yage kafin Babbar Sallah?

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a sana'ar hannunmu.